Farin Ƙyalle, Baƙar Aniya: Tarihin Ƙungiyar Ku Klux Klan

(Kiɗan buɗe shiri)

 Yau za mu tsallaka teku mu nufi Amurka. Tun kafin tafiya ta yi nisa ina neman afuwa, domin labarin na yau akwai ɗaci. In da ƙananan yara kusa da rediyo, iyaye a yi la'akari.

Bari in fara da wani dare, daren 5 ga Mayu, 1871, a gundumar York ta jihar South Carolina. Akwai wani baƙar fata mai wa'azi a coci, sunansa Elias Hill. Tun yana ɗan shekara bakwai wata cuta ta shanye masa ƙafafu, daga baya ta taɓa hannuwa, har ya kasance duk inda za shi sai an ɗauke shi. Amma Allah ya ba shi kai. Ya koyi karatu da rubutu tun lokacin da doka ta hana a koya wa bawa ko baƙi ɗaya, kuma da aka 'yanta bayi sai ya buɗe makaranta, yana koyar da yara da manya. A wannan dare wasu mutane da suka rufe fuskokinsu suka faɗa ɗakinsa, suka jawo shi daga kan shimfiɗa zuwa tsakar gida, suka yi ta dukansa, suka zane shi da bulalar doki. Suka gindaya masa sharaɗi: ya daina maganar siyasa, ya daina karɓar jaridar jam'iyyar Republican, wadda a wancan zamani ita ce jam'iyyar da ta 'yanta bayi, in ba haka ba za su dawo su kashe shi.

Jama'a, ku tsaya ku yi tunani. Ƙarti majiya ƙarfi, da bindigogi, a kan mutumin da ko tashi zaune ba ya iyawa sai da taimako. Me suke tsoro a wurinsa? Suna tsoron allon da yake rubutu a kai da ƙuri'ar da yake koya wa mutane su jefa. Wanda ya gane wannan ya kama bakin zaren labarin Ku Klux Klan.

Elias Hill bai yi shiru ba. Da kwamitin majalisar dokokin Amurka ya zo bincike a wannan shekarar, aka ɗauko shi aka kawo shi gabansu, ya zayyana abin da aka yi masa. Daga nan ya yanke ƙauna da ƙasar da aka haife shi. Kafin shekarar ta ƙare ya shiga jirgin ruwa da mutane fiye da ɗari daga yankinsa, suka nufo Laberiya, nan Afirka ta Yamma, yankin da aka kwashi kakannin da yawa daga cikinsu. Bai daɗe ba zazzaɓi ya kama shi, ya rasu a 1872.

To su wane ne waɗannan masu rufe fuska, kuma daga ina suka fito?

Amurka ta gwabza yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865. Jihohin kudu, masu gandayen auduga da rake da taba, suka ɓalle domin su ci gaba da riƙe bayi, waɗanda yawansu ya kai wajen miliyan huɗu. Kudu ta sha kashi. Aka yi wa kundin tsarin mulki gyara sau uku a jere: a 1865 aka haramta bauta, a 1868 aka ce duk wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne, a 1870 aka ce ba za a hana namiji ƙuri'a saboda launin fatarsa ba. Cikin ɗan ƙanƙanen lokaci mutumin da jiya ake sa wa kuɗi a kasuwa ya zama mai zaɓe, wani ma ya zama wanda ake zaɓa. A 1870 Hiram Revels ya zama baƙar fata na farko a majalisar dattawan Amurka, daga jihar Mississippi. Tsofaffin bayi suka shiga neman 'ya'yansu da matansu da aka sayar, suka gina makarantu da coci-coci, suka fara cinikin ladan ƙwadagonsu. Wannan shi ne abin da tsofaffin iyayengiji suka kasa haɗiyewa.

A garin Pulaski na jihar Tennessee, 'yan watanni bayan yaƙin, wasu tsofaffin sojojin kudu su shida suka kafa wata ƙungiyar asiri. Suka aro kalmar Girkanci mai nufin da'ira, suka lanƙwasa ta, ta zama Ku Klux Klan. An ce da farko sun ɗauke ta kamar wasan samari, su yi shigar dodanni su hau dawaki su zaga gari da dare. Ko ma yaya ta fara, ba ta ɗauki lokaci ba ta zama rundunar ta'addanci. A 1867 ta sami babban shugaba, Nathan Bedford Forrest, tsohon janar na kudu, wanda kafin yaƙi fataucin bayi ne ya yi masa arziki, kuma sojojinsa ne suka karkashe baƙaƙen sojoji da suka riga suka miƙa wuya a Fort Pillow a 1864.

Mahayan nan sukan ce wai su fatalwowin sojojin da suka mutu a yaƙi ne. Masu kare su daga baya sun yi ta baza cewa baƙaƙe sun yarda da wannan saboda camfi. Ƙarya ce. Mutanen da aka kai wa hari sun san muryoyi, sun san dawaki, sun san takalma. Ku ji labarin Abram Colby, tsohon bawa da aka zaɓa ɗan majalisar dokokin jihar Georgia. Da farko kuɗi aka yi masa tayi don ya sauya sheƙa ko ya bar kujerarsa, ya ƙi. A Oktoban 1869 suka fasa ƙofarsa, suka kai shi daji, suka tuɓe shi, suka yi ta zane shi na tsawon wajen awa uku, suka tafi suna zaton ya mutu. Ƙaramar 'yarsa ta fito tana roƙonsu kada su tafi da babanta, suka nuna ta da bindiga, kuma ya ce firgitar ba ta sake ta ba har ta rasu. Da aka tambaye shi su wane ne, sai ya shaida wa kwamitin majalisa cewa wasunsu manyan mutanen gari ne: akwai lauya, akwai likita, akwai manoma.

Lauya da likita. Ku riƙe wannan, domin za mu yi ta karo da shi har ƙarshen shirin. Ƙyallen da suke rufe fuska da shi bai taɓa ɓoye su daga waɗanda suke duka ba. Amfaninsa shi ne ya ba alƙali da ɗan sanda da maƙwabci damar cewa ba mu san ko su wa ba ne.

Kuma ba da ka suke zaɓar wanda za su taɓa ba. Malaman makaranta, masu wa'azi, 'yan takara, manomin da ya sayi gonar kansa, ma'aikacin da ya ce a biya shi haƙƙinsa, da fararen fata da ke mara musu baya. Tauna tsakuwa ne don aya ta ji tsoro. A Oktoban 1868 aka harbe ɗan majalisar tarayya James Hinds a Arkansas yana kan hanyar yaƙin neman zaɓe. A Fabrairun 1870 aka rataye Wyatt Outlaw, baƙar fata kansila a garin Graham na North Carolina, a bishiya kusa da ginin kotu, don kowa ya wayi gari ya gani. Bayan wata uku aka kashe sanatan jiha John Stephens a cikin ginin kotun wata gunduma ta jihar. Gwamnan jihar, William Holden, ya tura dakaru su kama masu laifin. Kun san sakamakon? Shi aka tsige a 1871.

Sai da abin ya kai maƙura gwamnatin tarayya ta motsa. A Afrilun 1871, zamanin shugaba Ulysses Grant, aka kafa doka ta musamman a kan wannan ƙungiya. A Oktoba Grant ya ba sojoji ikon kamawa da tsarewa a gundumomi tara na South Carolina, ciki har da ta su Elias Hill. Aka kama ɗaruruwa, wasu suka tsere, aka gurfanar da wasu gaban kotunan tarayya inda baƙaƙe ke cikin masu taya alƙali yanke hukunci. Kafin 1872 ta ƙare, ƙungiyar da ake ganin ta gagari kowa ta watse. Shekara ɗaya kacal ta ɗauka, da hukuma ta yi da gaske.

Amma an kashe maciji ba a sare kansa ba. Mutanen arewacin ƙasar suka gaji da batun kudu. A Afrilun 1873 a Colfax ta jihar Louisiana aka kashe baƙaƙe aƙalla sittin, wasu masana sun ce sun haura ɗari, da yawansu bayan sun ajiye makamai, kuma a 1876 kotun ƙoli ta soke hukuncin 'yan ƙalilan da aka kama da laifi. A 1877 gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu. Daga nan babu sauran buƙatar rufe fuska. Abin da mahayan dare suka nema da bulala, 'yan majalisa suka kammala shi da alƙalami: harajin zaɓe, jarrabawar karatu kafin rajista, makarantar farare daban, ta baƙaƙe daban, har wurin shan ruwa. A 1896 kotun ƙoli ta sa wa wariyar hannu. A jihar Louisiana baƙaƙe masu rajistar zaɓe sun haura 130,000 a 1896. A 1904 saura 1,342.

A nan akwai abin da nake so a fahimta. Shekarun da kisan gilla ya fi muni a Amurka, inda gungun mutane za su kama baƙar fata su rataye shi ko su ƙone shi ba tare da shari'a ba, shekaru ne da babu Ku Klux Klan a tsaye. Cibiyar Tuskegee ta ƙirga mutum 4,743 da aka yi wa irin wannan kisa tsakanin 1882 da 1968, kuma 3,446 daga cikinsu baƙaƙe ne. Sau da yawa da rana tsaka ake yi, a gaban dubban 'yan kallo, har da yara, a ɗauki hoto a buga a kati a aika wa dangi ta gidan waya. Uzurin da aka fi kawowa shi ne wai kare mutuncin mata farare. Wata 'yar jarida baƙar fata, Ida B. Wells, wadda aka kashe abokanta uku a Memphis a 1892 saboda kantinsu ya fara janye wa wani Bature kasuwa, ta bi diddigin kashe-kashen ɗaya bayan ɗaya, ta nuna cewa a mafi yawansu ko zargin fyaɗen ma ba a yi ba. Aka farfasa ofishin jaridarta, ta ƙaurace wa garin. Mu ma da muke jin ihun "ɓarawo" a kasuwa, kafin a tambayi me ya sata an kawo taya da fetur, mun san yadda taron jama'a ke wanke hannun kowa daga jini. Bambancin shi ne a can launin fata ne ke nuna wanda za a kama, kuma hukuma na tsaye tana kallo, wani lokaci ma ita ke buɗe ƙofar kurkuku.

(Gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna bitar tarihin ƙungiyar Ku Klux Klan ce ta Amurka. Mun ga haihuwarta ta farko da mutuwarta. Abin da ya tashe ta daga kabari zai ba ku mamaki: fim ne.

A 1915 wani mai shirya fim, D. W. Griffith, ya fitar da The Birth of a Nation, wanda ya gina a kan littafin wani marubuci Thomas Dixon. Fim ɗin ya juya tarihi a kife. Baƙaƙen 'yan majalisa suka zama mashaya marasa tarbiyya, mahayan dare suka zama jarumai masu ceton mata. An nuna shi a fadar White House zamanin shugaba Woodrow Wilson, miliyoyi suka kalla, duk da zanga-zangar da baƙaƙe suka yi a birane da dama. Fararen riguna iri ɗaya da ƙona gicciye, waɗanda yau duniya ta san ƙungiyar da su, ba al'adar ta farko ba ce. Daga littafin da fim ɗin aka kwaso su. A Nuwamban wannan shekara wani tsohon mai wa'azi, William Simmons, ya hau dutsen Stone Mountain kusa da Atlanta da mutane 'yan ƙalilan, suka cinna wa gicciye wuta, suka ce ƙungiya ta dawo.

Shekara biyar tana jan ƙafa. Sai a 1920 Simmons ya ɗauko wasu ƙwararrun 'yan talla biyu, Edward Clarke da Elizabeth Tyler, suka mai da ƙiyayya haja. Kuɗin shiga dala 10, wanda ya kawo sabon mamba yana da kamashon dala 4, sauran a raba har sama. Rigar ma a wurinsu za ka saya. Suka ce wa wakilansu kowane gari ku duba wa mutane suka tsana, ku sayar musu da shi. Inda babu baƙaƙe da yawa, ga 'yan Katolika, ga Yahudawa, ga baƙin haure, ga masu sayar da giya. Kafin tsakiyar shekarun 1920 mambobi sun kai miliyoyi, masana na cewa tsakanin uku zuwa biyar, har da reshen mata. Kuma ƙarfinta ya fi yawa a wajen kudu, a jihohi irin su Indiana, Ohio, Colorado da Oregon. Tana shirya bukukuwan iyali da wasanni. Ana tsakiyar ibada ranar Lahadi sai ka ga sun shigo coci cikin fararen riguna sun miƙa wa fasto ambulan na kuɗi. Ta kafa gwamnoni da sanatoci. Hugo Black, wanda daga baya ya zama alƙalin kotun ƙoli, ya taɓa zama mamba. A Agustan 1925 dubun-dubatarsu suka yi maci a babban titin birnin Washington, fuska a buɗe, don ba su ga abin kunya ba.

A ƙarƙashin bukukuwan nan bulala ba ta daina aiki ba. Ana sace mutane a zane su, a shafa musu kwalta, a ƙona gidaje. A garin Omaha barazanarsu ce ta kori iyalin wani mai wa'azi, Earl Little, mabiyin ɗan gwagwarmayar baƙaƙe Marcus Garvey. Jaririn da aka haifa musu a garin a 1925 shi ne duniya ta sani da Malcolm X, wanda ya musulunta, ya yi aikin Hajji, ya kuma ziyarci Najeriya a 1964.

Faɗuwar wannan ta biyu daga cikin gida ta zo. D. C. Stephenson, shugabanta a Indiana, mutumin da ya taimaka aka kafa gwamnan jihar a 1924, mai bakin kare mutuncin mata, ya sace wata ma'aikaciyar gwamnati mai suna Madge Oberholtzer a Maris 1925, ya yi mata fyaɗe da munanan raunuka a cikin jirgin ƙasa. Kafin ta rasu ta ba da cikakken bayani aka rubuta. Aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Da ya ga gwamnan da ya kafa ya ƙi yi masa afuwa, sai ya fasa ƙwai, ya fito da takardun 'yan siyasar da suka ci kuɗinsa. Mutane suka riƙa ficewa da dubbai. Allah ya sani abin da aka yi wa wannan baiwar Allah ya isa ya rusa kowace ƙungiya. Abin da ke ci mini rai shi ne gawarwakin baƙaƙe na shekara da shekaru ba su sa waɗannan miliyoyin sun cire rigar ba. A 1944 hukumar haraji ta biyo ƙungiyar bashin dala 685,000, ta rufe ofis.

Tashi na uku ya zo ne da baƙaƙe suka miƙe neman haƙƙinsu. A 1954 kotun ƙoli ta haramta wariya a makarantu, sai ƙananan ƙungiyoyi masu sunan Klan suka ɓarke a kudu. Wannan karon ba su da miliyoyi, amma suna da nakiya, suna kuma da 'yan sanda. A daren Kirsimetin 1951 an riga an tayar da bam ƙarƙashin ɗakin kwanan Harry Moore da matarsa Harriette, malaman makaranta masu yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe a Florida, duka biyun suka rasu. A Mayun 1961, da matasa baƙaƙe da farare suka shiga motocin safa tare don karya dokar wariya, aka ƙona mota ɗaya a Anniston, a Birmingham kuwa 'yan sanda suka yi alkawari da 'yan Klan cewa za su ba su minti goma sha biyar su yi dukan da suka ga dama kafin su iso. Haka kuwa aka yi.

Birmingham ɗin nan ta jihar Alabama, bama-bamai wajen hamsin aka tayar a gidaje da coci-cocin baƙaƙe cikin ƙasa da shekara ashirin. Ranar Lahadi 15 ga Satumba, 1963, da hantsi, wasu 'yan mata suna ɗakin ƙasa na cocin Baptist da ke titi na 16, suna gyara rigunansu kafin a shiga ibada. Bam ya tashi. Zan faɗi sunayensu, domin sun cancanci a faɗa. Addie Mae Collins, shekara 14. Cynthia Wesley, shekara 14. Carole Robertson, shekara 14. Denise McNair, shekara 11. Ƙanwar Addie Mae, Sarah, ta tsira amma ta rasa ido ɗaya. Hukumar bincike ta FBI ta san mutum huɗun da ake zargi tun 1965, amma aka rufe fayil ba a gurfanar da kowa ba. Sai 1977 aka ɗaure Robert Chambliss. Thomas Blanton sai 2001. Bobby Frank Cherry sai 2002, shekara talatin da tara bayan kisan. Na huɗun, Herman Cash, ya mutu a 1994 ko kotu bai taɓa shiga a kan wannan ba.

A Yunin 1964 a gundumar Neshoba ta Mississippi, wasu samari uku masu yi wa baƙaƙe rajistar zaɓe, James Chaney baƙar fata, da Andrew Goodman da Michael Schwerner Yahudawa farare, suka je duba wani coci da aka ƙona. Mataimakin shugaban 'yan sandan gunduma, Cecil Price, wanda shi kansa ɗan Klan ne, ya kama su, ya tsare su har dare ya yi, ya sake su, ya bi su a hanya ya damƙa su ga abokansa. Bayan kwana 44 aka tono gawarwakinsu a cikin wata madatsar ruwa ta ƙasa. Ana cikin neman nasu ne aka tsinci gawar wasu samari baƙaƙe biyu, Henry Dee da Charles Moore, waɗanda ɓacewarsu ba ta dami jaridu ba. Jihar ta ƙi tuhumar kowa da kisan kai. Kotun tarayya ta ɗaure mutum bakwai a 1967, ba wanda ya wuce shekara shida a gidan yari. Wanda ya kitsa abin, Edgar Ray Killen, ya kuɓuta saboda mace ɗaya cikin masu taya alƙali yanke hukunci ta ce ba za ta iya kama mai wa'azi da laifi ba. Sai 2005 aka ɗaure shi, yana da shekara tamanin.

Akwai kuma Vernon Dahmer, manomi mai kanti a kusa da Hattiesburg, wanda labarinsa ke taɓa ni a matsayina na mai magana a rediyo. A Janairun 1966 aka sanar a rediyo cewa duk wanda ke son biyan harajin zaɓe ya zo kantinsa, wanda ba shi da hali shi zai biya masa. Cikin dare suka jefa wa gidansa wuta. Ya tsaya a cikin hayaƙi yana mai da harbi har matarsa da 'ya'yansa suka fice ta baya, shi kuwa ƙunar ta yi ajalinsa. A lokacin 'ya'yansa maza huɗu suna aikin soja, suna tsaron ƙasar da ta kasa tsare ubansu. Sau huɗu ana gurfanar da Sam Bowers, wanda ya ba da umarnin, yana fita. Sai 1998 aka ɗaure shi.

Jinin nan bai hana abin da suke gudu ba. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta fito a 1964, ta 'yancin zaɓe a 1965. Yau ragowar Klan 'yan tsirarun ƙungiyoyi ne masu faɗa da juna. Aƙidar ce ta cire riga ta sa kwat, ta kuma shiga intanet. David Duke, tsohon shugaban wani reshenta, ya ci kujerar majalisar jihar Louisiana a 1989, kuma a takarar gwamna ta 1991 ya sami mafi yawan ƙuri'un farare duk da ya faɗi. Wanda ya harbe masu ibada tara a cocin baƙaƙe a Charleston a 2015, da wanda ya kashe Musulmi 51 a masallatai biyu na Christchurch a New Zealand a 2019, ba su da katin Klan, amma rijiya ɗaya suka sha. Dokar tarayya da ta mai da kisan gilla na gungun jama'a laifi na musamman kuwa, bayan an gabatar da irinta wajen sau ɗari biyu tana faɗuwa, sai a Maris 2022 aka sa mata hannu.

Na ajiye labari ɗaya don ƙarshe.

A Maris 1981 a birnin Mobile na Alabama, aka kasa cimma matsaya a shari'ar wani baƙar fata da ake zargi da kashe ɗan sanda Bature. 'Yan Klan na garin suka ce sai sun rama a kan kowane baƙi suka samu. Biyu daga cikinsu, Henry Hays da James Knowles, suka shiga mota suna zaga unguwa da dare. Suka ga wani saurayi ɗan shekara 19, Michael Donald, ya fito zuwa kanti. Ba su san shi ba, bai san su ba. Suka tsayar da shi kamar masu tambayar hanya, suka sa masa bindiga, suka kai shi daji suka kashe shi, suka dawo da gawar suka rataye a bishiya a bakin titi.

'Yan sanda suka fara karkatar da maganar zuwa rikicin 'yan ƙwaya. Mahaifiyarsa, Beulah Mae Donald, talaka ce da ta raini 'ya'yanta ita kaɗai, Michael ne autanta. Ta ce ɗanta ba ya wannan harka. Ta sa aka buɗe akwatin gawa a wurin jana'iza don jama'a su ga abin da aka yi masa. Ta ƙi barin maganar ta mutu har aka sake bincike, aka kama su biyun. Knowles ya amsa laifi ya ba da shaida, Hays aka yanke masa hukuncin kisa, aka zartar a 1997, karo na farko tun 1913 da jihar Alabama ta kashe farar fata saboda ya kashe baƙi.

Amma uwar ba ta tsaya kan yaran da aka aika ba. Da taimakon lauyoyin cibiyar Southern Poverty Law Center ta kai ƙarar uwar ƙungiyar kanta, United Klans of America, wadda mutanenta ne suka sa bam a cocin Birmingham. A cikin kotu Knowles ya juyo yana kuka ya roƙe ta gafara, ta ce ta yafe masa. A Fabrairun 1987 masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farare, suka ce ƙungiyar ta biya ta diyyar dala miliyan 7. Ba su da kuɗin. Dole suka miƙa mata takardun ginin hedikwatarsu da ke kusa da Tuscaloosa. Aka sayar da shi dala dubu hamsin da 'yan kai, ta sayi gida, na farko da ta taɓa mallaka. Ba ta daɗe a cikinsa ba, ta rasu a 1988. Titin da aka rataye ɗanta, a 2006 aka sa masa suna Michael Donald.

Jama'a masu sauraro, nan za mu dasa aya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)